Tsummokin da Na Tara a Kumasi

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na baro Funtuwa ba, ko na iyakokin da muka tsallaka, kowace da nata jami'in mai miƙo hannu. Na dai sauka Kumasi da hantsi, ƙafafuna a kumbure, ina jan akwatin ƙarfen da Innata ta ba ni. Lokacin na haura talatin, bazawara ce ni, ban taɓa haihuwa ba, ina koyar da zane-zane a wata makarantar 'yan mata. Gurbin digiri na biyu na samu a wata jami'a da ke can. Dangi sun yi ta surutu, wai wanda zai bar ƙasarsa don ya koyi zane ai ya rasa abin yi. Inna kaɗai ta ce in je, ni kuma na yi mata alkawarin ba zan dawo ba sai da takardar a hannuna.

Unguwar Tafo na fara sauka, kuma ko kwana ban yi ba. Wani dillali da muka daidaita ta waya tun ina gida ya tare ni a tasha da fara'a kamar ɗan uwa, ya karɓi kuɗin ɗaki, ya kai ni wani gida, ya danƙa mini makulli ya ce zai je ya dawo. Ina cikin kokawa da kwaɗo sai ga wata mai goyo ta taso mini da ihu. Ashe ɗakinta ne, kasuwa ta je. Na kira dillali, waya a kashe. Na jawo akwatina bakin titi na zauna a kai, na zage shi tas da Hausa, ban rage masa komai ba.

Wani direban tasi da ke cin ayaba a gefe ya leƙo yana dariya.

"Hajiya, wannan zagi daga Najeriya ya zo. Shiga in kai ka Zongo. Akwai wani tsohuwa, ba ya korar baƙo."

Sai da na waiga in ga namijin da yake yi wa magana. Daga baya na gane haka Hausar Zongo take, mace ma "kai" ake ce mata.

Tsohuwar ita ce Mma Adiza, mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar gidanta. Ubanta falken shanu ne da ya gangaro daga arewa, ita kuwa a Kumasi aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ludayi a hannu.

"Kai ne aka cuta? Ei, Kumasi! Sannu, ɗa na. Ci abinci tukun, kukan ka yi shi daga baya."

Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure a Tamale. Ba a yi mako ba gidan kaf ya manta sunana Ramlatu, sai Alata, sunan da suke kiran duk ɗan Najeriya. Har baƙin sabulun da mu muke cewa na Gana ne, su cewa suke na Alata ne, kowa ya ɗora wa ɗan uwansa. Ana kiran salla, ana jin Hausa ta ko'ina, amma kewar gida ba ta bar ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kamar gida ne, kuma ba gida ba. In na kira Inna ta ce "Kin ci abinci?" wannan "kin" ɗin kaɗai kan sa ni hawaye.

A jami'a an haɗa ni da Madam Serwa, wata 'yar Ashanti mai furfura da ba ta iya rarrashi ba. Wata rana ta kunna majigi ta ce za mu ga aikin mata daga ƙasashe daban-daban. Wata ta yi zane da ruwan nononta. Wata ta tara hawayenta a ƙyalle. Da aka zo kan wadda ta shafe farin allo da jinin hailarta, ban san lokacin da na ce "A'uzu billahi!" da ƙarfi ba. Aji ya fashe da dariya. Madam ba ta yi ba.

"Ramlatu, makon jiya na nuna muku hotunan yaƙi, gawa kan gawa, jini ko'ina, kika zauna kina rubutu abinki. Me ya sa wannan ne ya sa kika rufe ido?"

Na ce wannan ƙazanta ce. Ta ce ta ji, amma jinin wanda aka harbe turare ne? Na fita ina huci, na shiga torotoro, 'yar bas ɗinsu ta haya, ina ta shirya amsoshin da ban samu ba a aji. Tambayar ta bi ni har Zongo ta kwana da ni.

Don in nuna mata ni ma na iya, na sayo alawayyo a kasuwa, na roƙi Mma karan dafin da take jefawa a tukunya don shinkafarta ta yi ja, na dafa, na rina ƙyallen da shi. Ya yi kyau, ba ƙarya. Madam ta ɗaga shi, ta shinshina, ta ce, "Kin iya rini. Amma ke ba ki cikinsa." Na ce mata in sai na yi wasa da najasa zan samu digiri, to a riƙe digirin. Sauran alawayyon na cusa ƙarƙashin gado.

A shekara ta biyu ne jikina ya juya mini baya. Al'adata, wadda da takan zo ta tafi ba rigima, ta zo ta ƙi tafiya. Ta ɗauke kwana kaɗan, in yi wanka in ta da salla, ina sallamewa in ji ta dawo. Na je wani ƙaramin asibiti, aka ce gajiyar karatu ce, aka ba ni ƙwayoyi. Ciwon marar bai dame ni kamar salla ba. Na rasa gane wanne ne haila, wanne ne jinin cuta. In na yi salla ina tsoron ba ni da tsarki, in na bari ina tsoron na bar farilla ba dalili. Ga ni a ƙasar mutane, ba Inna, ba yayata, ba wadda zan ja gefe in yi wa raɗa.

Sai na tuna abin da malamarmu ta Islamiyya ta koya mana, cewa matan da da farin ƙyalle suke dubawa, launi ne ke nuna musu. Na jawo alawayyon nan na yayyanka shi kamar tafin hannu. Kullum in duba da guda, in shanya a bayan ƙofa, in ajiye don in gwada da na gobe. Wallahi ba don Madam na fara ba, don salla na fara.

Wata ranar Asabar da la'asar na shimfiɗa leda a tsakar ɗaki na jera su duka bi da bi, ina neman inda baƙin ya ƙare jan ya fara. Da na miƙe na dube su daga tsaye sai na ga wani abu daban. Ga baƙi, ga ja wur, ga mai ruwan ƙasa, ga fatsi-fatsi, ga fari guda biyu uku, sai kuma ja ya dawo. Watannin da na yi ina fama ni kaɗai ne a kwance a gabana. Na san wannan ranar da na faɗi a torotoro ce, wancan kuwa ranar sallar da kowa ya tafi idi na zauna a ɗaki. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata.

Na kai wa Madam kaɗan daga ciki a cikin leda. Ta daɗe tana kallo ba ta taɓa ba. Sannan ta ce, "Wannan shi ne aikinki na kammalawa. Ki ɗinke su jere yadda suka zo, zan ware miki bango guda a baje kolin ƙarshen shekara." Ta ƙara da cewa in koma asibiti na gaske. Na ce to, sai na gama. Ko hotonsu ban taɓa ɗauka ba, don waya ba ta da amana, yau tana hannunka gobe tana hannun mai gyara. A akwatin ƙarfe nake ajiye su, makullin a ƙarƙashin filo. Digirina kaf yana cikin akwatin nan.

Gidan haya ba a ɓoye abu. Wata rana Mma ta turo ƙofa da kwanon koko, ta tarar da ni a tsakiyarsu da allura da zare. Ta tsaya. Ta ajiye kwanon a hankali, ta mayar da ƙofa ta rufe da bayanta.

"Alata, mene ne wannan?"

Na yi mata bayani iya yina. Na ce aikin makaranta ne, na ce abin da mata ke sha ne ba mai gani.

"Za a rataya? A bango? Maza ma su gani?"

Na ce e.

"Ei, Allah! Kai, uwanka bai koya maka ba? Wannan abu ana wankewa tun da ɗumi, a shanya ƙarƙashin zane, ko kaza kar ya gani. Ni na haifi bakwai, miji na har ya mutu bai taɓa ganin nawa ba. Kai ka zo daga ƙasan Musulunci ka koya mana wannan?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata wannan ɓoye-ɓoyen ne ya sa na yi wata da watanni jini na zuba, muna gida ɗaya, ba ta sani ba. Na ga maganar ta soke ta. Ta juya ta fita. Muka daina magana sai gaisuwa. Amma kullum da safe in na buɗe ƙofa zan ga kwano a rufe, wani lokaci da hanta a kai, wani lokaci da jiƙon ganyen da ban san sunansa ba. Ina ci ina jin haushinta, ina kuma jin kunyarta.

Saura 'yan makonni baje koli, wata safiya na fito ɗibar ruwa a famfon tsakar gida. Na tuna na sunkuya in ɗauki bokiti. Abin da na sake sani shi ne kaina a cinyar Mma cikin tasi, tana tofa mini addu'a tana zagin direba ya ƙara wuta.

A babban asibiti aka ce ƙari ne a mahaifa, ba ɗaya ba, kuma jinina ya kusa ƙarewa. Sai an yi tiyata, kuma sai 'yan uwana sun kawo jini. Na yi dariyar baƙin ciki, ina na ga 'yan uwa a Kumasi? Mma ta tashi ta fita. Kafin azahar sai ga Masta Isifu, wani dattijon makanike da ke haya a gidanmu, ya taho daga Magazin, unguwar makanikai, da abokan aikinsa, duk da kayan aiki baƙi ƙirin da mai. Ban taɓa wuce "ina kwana" da shi ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai ko ɗaga ido ya dube ni ba.

"Alata, kar ka damu koraa, ko kaɗan. Jini akwai paa, da yawa. Namu da ɗan giris a ciki, amma yana aiki."

Na gan su ta taga bayan sun gama, suna zaune a benci, kowa da auduga a hannu, ana ba su lemo ana yi musu sannu. Nasu jinin ya fita a gaban kowa, har da godiya. Ban ji haushinsu ba ko kaɗan, su suka tsayar da ni da rai, Allah ya saka musu. Na dai lura.

Kafin a shiga da ni likita ta gaya mini da Turanci cewa za su yi ƙoƙari su cire ƙarin kawai, amma in jini ya ƙi tsayawa ba su da zaɓi. Na ce na yarda. Da na farfaɗo, ita ce a kaina. Tun kafin ta yi magana na gani a fuskarta. Sun cire mahaifar gaba ɗaya.

Ban taɓa zama mai ɗokin haihuwa ba, ko haka nake gaya wa kaina. Aurena ya mutu ban yi kukan rashin ɗa ba. Amma a ƙasan raina akwai "wata rana" da na ajiye, ban san girmanta ba sai da aka ɗauke ta. Na juya fuskata bango. Ban gaya wa kowa ba. Mma na ce mata an cire ƙari, ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Inna kuwa na ce mata zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ta ce in riƙa shiga gidan sauro.

Madam Serwa ta zo duba ni da lemon zaƙi a leda. Ita ta ga abin da ke rubuce a jikin gadon, ta gane, ta riƙe hannuna. Da za ta tafi ta ce bangona yana nan, ba ta ba kowa ba. A kwanakin nan abin da na riƙe ke nan. In ɗinkin tiyatar ya motsa, in na ji kukan jariri daga ɗakin haihuwa, sai in rufe ido in ga akwatin. A da aikin makaranta ne, yanzu ya zama abin da ya rage mini daga wani sashe na jikina da ban ko yi sallama da shi ba. Na ce zan ƙarasa ɗinke ƙyallayen ko a kwance ne.

Ranar da aka sallame ni, gidan ya tare ni kamar mai jego. An share ɗakin, an canza zanen gado, an turara shi. Mma ta dama kunun kanwa, ta yi farfesu mai yaji, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna "Alata, sannu, ka ga lahira ka dawo." Na daure na amsa wa kowa. Da ɗakin ya yi shiru na lallaba na ɗaga filo. Makullin yana nan. Na durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a kan ɗinki, na buɗe akwatin.

Ƙanshin sabulu da turaren wuta ne ya fara dukana. Ƙyallayen suna nan a jere, an goge su da dutsen guga, an ninke kowanne gida biyu. Farare fat. Waɗanda na riga na ɗinke an warware zaren. Na riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ina dubawa a hasken taga, ko zan ga ɗan tabo, ko inuwar tabo. Babu. Na zazzage akwatin a ƙasa na bincika har ƙasansa. A nan na san ba baje koli, ba takardar da zan kai wa Inna, kuma ba inda zan sake samo su har abada.

Ina zaune a cikinsu Mma ta shigo da kofin kunu. Ta ga abin da nake yi, ba ta ko razana ba.

"Ni ne na wanke."

Na ɗago na dube ta. Na ce, "Mma, don me?"

Ta ajiye kofin ta zauna a bakin gado.

"Ranan da suka shiga da kai, nas ya ce mini mu yi addu'a. Na ga fuskanka, na ce wannan yaro ba zai tashi ba. Na dawo gida ina tunani. In ka mutu, wa zai buɗe akwati? Maza ne. Liman, da Masta Isifu, da mutanen makarantanku. Su ɗaure kaya su aika Najeriya. Uwanka ya buɗe kayan ɗansa da ya mutu a ƙasan mutane, ya ga wannan? Na ce a'a. Ba a gida na ba. Na ce ko ka mutu, sai na rufa maka asiri."

Sai a lokacin na lura da hannuwanta. Fatar yatsun ta saɓule, ta tsattsage, wani wurin har da jan nama. Tsohon jini ba ya fita da sauƙi. Ta ce ta jiƙa su da bilic, ta cuɗa, ta sake jiƙawa, a ɗakinta ta yi da ƙofa a rufe, ba ta yarda ko jikarta ta taya ta ba. Da waɗannan hannuwan take tuƙa tukunya ta kuma kawo mini abinci asibiti, ni ban gani ba.

Na so in tsane ta. Wallahi na so. Na nemi fushin nan da na yi wa dillalin Tafo, na rasa inda yake. Ta raba ni da abin da na fi so a duniya a lokacin, kuma ba wanda ya taɓa yi mini hidima irin wannan tun da na bar gaban Inna.

Ta ga na yi shiru, ta ɗauka na huce. Ta sunkuya ta fara tattara su tana ninkewa a cinyarta.

"Kar ka yi fushi, ɗa na. Ban zubar ba, ko ɗaya bai ɓata ba. Alawayyo ne mai kyau paa. Yanzu an cire ciwo, jini zai zo daidai kamar na kowa. Wata mai zuwa ka yi amfani da su, ka wanke, ka ɓoye. In makaranta ne, to, ka sake tarawa, ni na cire baki na. Allah ya kawo miji, ka haihu, in zo Najeriya suna."

Na ce, "Mma, babu wata mai zuwa."

Ta ɗago.

"Ba ƙarin kaɗai suka cire ba. Har mahaifar. Ba zan sake ganin jini ba. Waɗannan ne na ƙarshe."

Hannunta ya tsaya a kan ƙyallen da take ninkewa. Ta dube ni, ta dubi tarin da ke cinyarta. Ta ɗauki guda ta ɗaga shi saitin taga kamar yadda na yi, ta juya shi gaba da baya. Ta ajiye ta ɗauki wani. Sannan ta zamo daga gadon ta zauna a ƙasa kusa da ni, tsohuwar da ban taɓa ganin hawayenta ba, sai ga su suna zubowa.

"Ei, Ramlatu," ta ce. "Da ka faɗa mini. Da na bar maka ko ɗaya."